Kafin A Biya Kuɗin Jirgin Da Ba A Ƙera Ba Tukuna

Yau za mu leƙa wata kasuwa a Turai, inda ake cinikin sababbin jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin waɗanda mutum ke saya don yawon teku shi da iyalinsa.

Duk watan Janairu, a birnin Dusseldorf na Jamus, ana baje kolin jiragen ruwa, wanda aka fara a 1969. A cikin manyan zaure ake jera jiragen, babu ko ɗigon ruwa a ƙarƙashinsu, mai sha'awa ya cire takalmi ya hau ya duba. A nan za ka ga sunan Beneteau, kamfanin Faransa da ya fara da ƙera jiragen masunta a 1884, da Jeanneau wanda aka kafa a 1957 kuma ya koma ƙarƙashin Beneteau a 1995, da Bavaria na Jamus. Amma idan jirgi ya kwanta maka a rai, galibi ba da kamfanin za ka yi ciniki ba. Dila za a haɗa ka da shi, kuma sunansa ne zai hau takardar yarjejeniya.

To a nan maganar take. Jirgin da ka hau a baje kolin samfuri ne kawai, naka ba a ƙera shi ba. Za ka ba da kafin alƙalami don a kama maka layi a masana'anta, sannan ka jira watanni, wani lokaci har shekara. Ina kuɗinka ke kwana duk tsawon wannan lokaci? Idan a asusun kasuwancin dila suke, kuma ya karye kafin jirgin ya iso, kai ma ka shiga jerin masu bin sa bashi. Shi ya sa masu sanin harkar ke dagewa a ajiye kuɗin a asusun amana na daban, ko banki ya tsaya wa dilan. Kada a ce girman suna ya isa. Shi kansa kamfanin Bavaria ya bayyana cewa ya kasa biyan bashi a 2018, kafin wasu masu zuba jari su saye shi. A ganina, duk dilan da ya ɓata rai don an tambaye shi ina za a ajiye kuɗi, bai cancanci a ba shi ko sisi ba.

Sai batun farashi. Wanda aka buga a takardar talla na gangar jirgi ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Na'urar nuna hanya, da matuƙi mai sarrafa kansa, da ƙarin ƙyallen kama iska, da kayan ceton rai, yawanci kowanne da kuɗinsa. Akwai harajin saye, kashi 20 cikin ɗari a Faransa, kashi 19 a Jamus. Akwai kuma kuɗin mota, domin masana'antar Bavaria tana Giebelstadt ne, can tsakiyar ƙasa nesa da teku, a kan tirela jirgin ke fitowa, doguwar sandarsa a kwance.

Isowarsa tashar ruwa, aikin dila na gaskiya ya fara. Shi zai sa a shafa wa ƙarƙashin jirgin fentin da ke hana halittun ruwa mannewa, a tayar da sanda, a ɗaure igiyoyin ƙarfe daidai, a gwada inji. Ko a mota sabuwa dal, mai hankali yakan tafi da makanikensa, balle abin da zai ɗauki 'ya'yanka zuwa inda ba a hango tudu. Don haka mutane da dama kan ɗauko ƙwararren mai duba jirgi wanda ba ya cin albashin dila, a fita teku tare, a rubuta duk aibin da aka gani: tagar da ke yoyo, famfon da ba ya ja, wayar da ba a ɗaure ba. Kuɗin ƙarshe a riƙe shi sai an gyara, ko a rubuta ranar gyara a takarda, saboda bayan an biya, duk ƙorafin garanti ta hannun wannan dilan zai bi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne ɗan allon da ke manne a jikin jirgin. A dokar Tarayyar Turai, jirage aji huɗu ne. Ajin A an ƙera shi don igiyar ruwa da ta haura mita 4, ajin B har zuwa mita 4, ajin C mita 2, ajin D kuwa na ruwa ne mai kwanciya. Allon yana kuma faɗin adadin mutanen da jirgin zai ɗauka. Wanda ke mafarkin ƙetare tekun Atlantika ya karanta shi tun a zauren Dusseldorf, kafin ya zaro alƙalami.