Gargaɗi: Injin da ke Shan Mai, Kada a Toshe Masa Baki da Mai Mai Kauri

Wannan kira ne ga direbobin tirela da daf da kanta, da iyayen gidansu masu motocin, da kanikawan da ke wuni a ƙarƙashinsu, daga Potiskum har Marabar Jos. Akwai wata shawara da ke yawo a gareji da tasha wadda a lokacin hunturu ta fi kashe inji.

Kun san yadda abin ke farawa. Mota ta soma shan baƙin mai, salansa na feso shuɗin hayaƙi, duk zuwa Legas da dawowa sai an ƙara galan. Sai wani ya ce, "Oga, ai man ne ya yi mata ruwa, a zuba mata mai kauri." A juye 15W-40, a ɗura SAE 50, wani ma ya bi da gwangwanin sinadarin nan mai yauƙi kamar zuma. Hayaƙi ya ragu, allurar agogon mai ta ɗaga, direba ya yi hamdala, Alhaji ya ji daɗi an tsallake kuɗin sauke inji. To ku dakata. An bar jaki ne ana dukan taiki.

A fara da allurar, don ita ta fi yaudarar mutane. Agogon mai ba ya auna yawan man da ke isa ga kiranshaf da metal. Abin da yake aunawa shi ne wahalar da famfo ke sha wajen tura man cikin ƙananan hanyoyinsa. Ka danne bakin tiyo da yatsa, ruwa zai yi ƙarfi, amma bai ƙaru ba. A jikin famfon akwai bawul da ke buɗewa idan matsi ya yi yawa, ya mayar da mai cikin kaskon inji. Da sassafe, man yana daskare, wannan bawul ɗin yana buɗe, allura na sama, saman inji kuwa yana jiran mai. Haka matatar mai: idan man ya yi mata kauri, akwai ƙofar gefe da ke buɗewa ya wuce ba tare da an tace shi ba, da ƙasarsa da ɓurɓushin ƙarfensa.

Lambobin da ke jikin galan ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ce ta tsara su. Lambar da ke tare da harafin W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100. A wannan zafin, mai lamba 40 yana tsakanin sentistok 12.5 da 16.3, mai lamba 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa ribar da ake samu wajen rage shan man ita ma kaɗan ce. A cikin sanyi ne bambancin ke buɗewa. A Jos, inda ƙasa ta ɗaga kimanin mita 1,200, asubahin Disamba da Janairu kan sauka kusa da digiri 10. A irin wannan safiya, SAE 50 mai lamba ɗaya ya ninka 15W-40 kauri fiye da sau biyu. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta fi kaurin gashin kai ba. Ta nan ake so wannan kunun ya ratsa cikin daƙiƙoƙi, alhali karen mota ya tayar da inji yana ba shi totur don iskar birki ta cika da wuri.

Wanda ya fi shan wuya shi ne tobo. Sandarsa takan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan siririn mai take shawagi, man ne yake sanyaya ta. In ya yi jinkirin zuwa, ƙarfe ya ci ƙarfe. A manyan injunan gas kuma akwai ƙananan bututu da ke tsarto mai a ƙarƙashin fistan don rage masa zafi. Mai mai kauri ba ya tsartuwa yadda aka tsara, ba ya kwashe zafi da sauri, ga shi yana ƙara wa mota shan gas. A hawan Kibo da lodin tan 30, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na kira wannan gargaɗi, ba shawara ba. Idan ta tobo man ke zurarewa, yana taruwa ne a bututun iska da na'urar sanyaya iskar da ke gaban lagireto. Injin gas ba ya bukatar filogi, duk abin da zai ci wuta in ya shiga silinda zai ƙone shi, har da baƙin mansa. Rana ɗaya man da ya taru sai ya kwarara ciki, inji ya ɗauki kuka shi kaɗai, hayaƙi ya turnuƙe titi. Ka kashe makulli, ka zare shi ma ka sa aljihu, ba zai mutu ba, domin ba gas yake sha ba a lokacin. Haka zai yi ta hauhawa har man ya ƙare ya buga, ko sandar fistan ta faso gefen inji ta fito. Mai mai kauri bai hana wannan ba. Abin da ya yi shi ne rage hayaƙin da zai sa ka je a duba tobo tun da wuri.

In Allah Ya ƙaddara haka ta same ka, ka fara korar mutane daga gefen injin. Abin da ke kashe shi hana shi iska ne: a toshe bakin shigar iskar da faffaɗan katako ko wani abu mai tauri, ba da hannu ba, ba da tsumma ba, don zai zuƙe su. Tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 in an fesa ta a bakin shigar iskar tana shaƙe shi. A mota mai kulochi ana iya danne birki, a sa babbar giya, a saki kulochi. In duk sun gagara, a ja da baya. Ana sayen wani inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Kafin kowa ya taɓa galan, a nemo inda man ke tafiya. Abin haushin shi ne sau da yawa dalilin mai araha ne. Matatar iska in ƙurar hunturu ta toshe ta, tobo yana jan iska da ƙyar, wannan jan sai ya tsotso mai ta bayan silinsa. Bututun numfashin inji in ya cushe, matsi na taruwa a ciki ya turo mai ta kowace kafa. Bututun da ke mayar da mai daga tobo zuwa kasko yakan toshe da dauɗa. Wani direban kuma, don tsoron kada mai ya ƙare a hanya, cika shi yake yi ya wuce layin sama na geji, inji ya ƙone rarar, shi kuma ya sake cikawa, yana cewa mota na shan mai. Sannan a leƙa ƙarƙashi da safe: ɗigo kaɗan-kaɗan a tafiyar kilomita 1,000 yana iya kai lita. A buɗe mazurarin tankin iskar birki ma. In baƙin mai ya fito tare da ruwan, kwamfiresa ce ke zubarwa, wannan kuwa ya tashi daga matsalar inji ya koma ta birki.

Hayaƙin ma yana magana ga mai saurare. Shuɗi mai ne, baƙi gas ne da bai ƙone ba, fari mai kauri da ba ya yankewa sau da yawa ruwa ne. Shuɗin da ke fitowa idan an tayar da mota bayan ta kwana, ko ta daɗe tana silo, sannan ya ɗauke, yakan nuna robobin bawul. Wanda ke ƙaruwa idan an ɗauki hawa da kaya, tare da hayaƙi mai yawa ta bututun numfashi, ringi ne ko hannun riga. Bakanike na gari zai auna matsin kowace silinda kafin ya yanke hukunci. Kuma in ka ga man ya tsinke yana warin gas, ko yana ƙaruwa a geji maimakon raguwa, nozul ne ke zuba. Zuba mai kauri a kan wannan gyaran gangar auzinawa ne.

Ban ce ba a taɓa hawa mataki ɗaya ba. Tsohon inji mai faɗin rata, irin na tsohuwar Mercedes 911, a zafin Afrilu na Maiduguri ko Sakkwato, yana iya ɗaukar 20W-50 ya lallaɓa har a tara kuɗin zuba ringi, muddin littafin motar ya lissafa shi a jadawalin zafin gari, kuma an tabbatar ba tobo ba ne, ba nozul ba ne. Man ya zama na injin gas, mai alamar API da ta fara da C, kamar CH-4 ko CI-4, domin shi ke iya riƙe baƙin toka. Sababbin injuna masu kwamfuta kuwa, abin da kamfani ya rubuta shi za a zuba. Akwai ma injunan Caterpillar da baƙin mai ne ke matsa nozul ɗinsu, canza kauri yana taɓa tashin motar kanta.

Man giya kuwa, lamba 90 ko 140, kada ya shiga inji ko da cokali ɗaya. Ma'aunin lambarsa daban ne, sinadaran cikinsa na haƙoran giya ne, ba shi da abin wanke inji. Haka man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba tambari ba lamba: kaurinsa a yatsa ba shaida ba ce, tsohon man juye da aka tace ma yana da kauri.

Alhaji mai mota, ka ba direbanka littafi. Kowace safiya, a shimfiɗaɗɗen wuri, kafin a tayar da inji, ya zare geji ya rubuta inda mai yake, da kilomita, da litar da aka ƙara. Wanda kuma ya riga ya ɗura SAE 50 ko ya zuba sinadarin yauƙi, ya juye shi tare da matatarsa kafin sanyi ya kankama. A kwance bututun da ya fito daga tobo a sa hannu a ciki: ɗan maiƙo ba komai ba ne, amma in mai ya kwanta har yana zuba, motar nan kada ta ɗauki lodi yau.