Bayanin Cutar Fentin Mota Da Maganinta A Gida

Fenti ga mota kamar fata yake ga jikin mutum. Ba domin ado kaɗai aka shafa shi ba, shi ke tsare ƙarfe daga ruwa da iska. Kadan ya tsage har ƙarfe ya bayyana, to, tsatsa ta sami ƙofa, ita kuwa ba ta barci. Ɗan kasuwan da ya ƙyale ƙwarzane a jikin motarsa tun da rani, in damina ta kankama cikin watan Yuni, kafin ta ɗauke sai ya tarar abin da ya raina ya zama ciwo, kuɗin motar kuma ya faɗi.

Ya kamata mai mota ya san fentin motocin wannan zamani hawa uku ne. Na farko shi ne na shimfiɗa, mai kama ƙarfe, yawancinsa ruwan toka. Na biyu shi ne launi. Na uku wani garai-garai ne kamar ruwa, shi ke ba da ƙyalli. Dukansu in an haɗa, kaurinsu bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba. Saboda haka ba a fara magani sai an san hawan da rauni ya kai.

Ga yadda ake ganewa. A wanke wurin, a zuba masa ruwa. In ƙwarzanen ya ɓace yana jiƙe, farce kuma ya bi ta kansa bai maƙale ba, to, a hawa na sama ya tsaya. In farce ya maƙale, aka ga ruwan toka, ya wuce launi. In kuwa an ga hasken ƙarfe ko ja-ja, ko fenti ya yi bororo kamar ƙuna, tsatsa ta riga ta shiga.

Na sama maganinsa sauƙi ne. A sa man goge mota a tsumma mai laushi, a riƙa murzawa a hankali a cikin inuwa har layin ya baje. In ya ƙi, a jiƙa sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, a shafa sama-sama, sa'an nan a koma ga man. Wanda ya matsa hannu sai ya cinye ƙyallin, ya ƙara wa kansa aiki.

Wanda ya wuce launi yana bukatar fenti. Kowace mota tana da lambar launinta, sau da yawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji. Da ita za a je wurin masu haɗa fenti, kada a zaɓa da ido, gama fari ma iri-iri ne. A ɗiga shi da bakin tsinke cikin ramin kaɗan-kaɗan, a bar kowane shafi ya bushe kafin na gaba.

Amma tsatsa ba a rufe ta, kankare ta ake yi. A goge da sanfefa mai kaushi, kamar lamba 80 zuwa 180, har ƙarfe ya yi fari tas, a lallaɓa gefen da mai laushi, a share ƙura da maiƙo. A fesa na shimfiɗa a ranar nan, kada ƙarfe ya kwana tsirara. Bayan ya bushe a bi da launi, a rufe da na ƙyalli, ana riƙe gwangwanin feshi kamar taki ɗaya daga jikin mota, shafi biyu ko uku marasa kauri. Kada a yi wannan cikin zafin rana, ko ranar da hazo ya sauka.

Abu biyu sun fi ƙarfin gida: ƙarfen da ya huje, da ƙyallin rufin mota in ya soma saɓulewa saboda rana. Waɗannan sai mai walda da mai fenti.

Masu sayen motocin Kwatano su leƙa ƙarƙashinsu, domin a ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, shi kuwa abokin tsatsa ne. Su bi jikin ƙarfen da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wataƙila cikon fila ne mai kauri. Mai sayarwa kuma ya bayyana gyaran da ya yi, gama ɓoye aibin haja ba ciniki ba ne.

Rigakafi ya fi magani. Kada a share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, ruwa ake fara zubawa. Kashin tsuntsu, da ƙaron itace, da man birki, a wanke su nan take. Allah ya tsare dukiyar jama'a, amin.