Gatse da Wasa da Kalma: Yadda Ake Haɗa Dariya a Kan Dandamali

Hajiya ta miƙa wa yaron gidanta kuɗi ta ce, "Ɗanlami, yau sabon gari nake so." Yaro ya fita a guje. Can sai ga shi yana haki: "Hajiya, ga mai adaidaita sahu a ƙofa, ya ce har Bata zai kai ki." Ita garin tuwo take nufi, shi kuwa Sabon Gari ya ji.

Idan aka yi wannan a wasan makaranta ranar rabon kyaututtuka, za a yi dariya tun kafin Hajiya ta buɗe baki. Ba a yi faɗuwar ƙarya ba, ba a shafa wa kowa gawayi a fuska ba, kalma ɗaya ce ta yi aikin. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, da masu shirin jarrabawar adabin Hausa, ku matso kusa mu duba yadda abin yake.

Kalma ɗaya, hanya biyu

Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su. Garin tuwo ana jan wasalinsa na farko, garin da ake zama a ciki ba a ja. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala, ko kukan jariri da kukar miya. Ɗan wasa mai wayo yakan furta kalmar a tsaka-tsaki, yadda kunne zai iya ɗaukarta ta kowace hanya.

Wani lokaci kuma a rabon kalma dabarar take. Mai bin bashi ya shigo shago a Kantin Kwari ransa a ɓace, ya ce, "Alhaji, bashi!" Alhaji ya juya ga yaronsa hankali kwance: "Ka ji, ya ce a ba shi. Ba shi kujera ya zauna." A nan Alhaji ya fahimta sarai, da gangan ya kauce, kuma kaucewar ce abin dariyar.

Sai kalmomi masu ɗaukar kaya da yawa, irin su "ci" da "sha". Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana. Uba ya tambayi ɗansa, "Ka ci jarrabawar?" Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ranar azumi nake."

Gatse

Kowa a cikinku ya taɓa shan gatse a gida. Kin fasa faranti, Umma ta ce, "Sannu da aiki! Ga sauran can, haɗa da su." Ka zo makaranta bayan an gama darasin farko, malam ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, da ma kai muke jira." Baki yana faɗin abu, murya da fuska suna faɗin kishiyarsa. A kan dandamali akan kawo wanda ba ya gane gatse, ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Umma na rufe baki, sai a ga yarinya ta nufi sauran farantan.

Akwai kuma gatsen da yanayi ke yi, inda masu kallo suka san abin da wani ɗan wasa bai sani ba. Ku ɗauki shagon tela a Fagge ranar jajibirin Sallah. Tela ya hango mai kaya, ya faɗa ƙarƙashin tebur. Yaronsa ya ce, "Maigida ya tafi Legas." Mai kaya ya ce ba komai, ya zauna a kan teburin, ya shiga yabon telan, wai mutum ne mai cika alkawari, bai taɓa ɓuya don kowa ba. Masu kallo kuwa suna ganin ƙafafun tela sun leƙo. Duk yabon da aka ƙara, dariya ƙaruwa take.

Abin ya daɗe a gidanmu

Tun kafin a gina dandamalin makaranta, 'yan kama suna yawo kasuwa-kasuwa suna kwaikwayon salon karatun malamai, sai dai abin da suke jerowa duk zancen abinci ne. Murya ta ilimi, magana ta ciki, a haɗuwar biyun dariyar take. Haka wasannin tashe, waɗanda ake farawa idan azumi ya kai kwana 10. Yara kan yi shigar tsofaffi, a Kano kuma Nalako yakan bi tuzurai da gwauraye da tsiya.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983, ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana zolayar algus a kasuwa da danniyar masu iko. Ya gane cewa maganar da ba ta faɗuwa kai tsaye a gaban manya tana iya wucewa cikin raha. Daga baya rediyo da talabijin suka karɓa. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya yi suna da Hausar bariki mai gauraye da Turancin soja. Shi kansa tsohon soja ne, gidansu yake zolaya. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, 'yan dandamali suka fara komawa fim. A wannan fage ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya zama sunan da kowane yaro ya sani.

Inda harsuna suka haɗu

Fagge tsohon zango ne na fatake, musamman Azbinawa masu raƙuma. Sabon Gari kuma ya kafu ne a farkon zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya zama mazaunin Yarbawa da Ibo da sauran mutanen Kudu. A can aka buɗe sinimar Rex a 1937. Ka tsaya a kasuwar Sabon Gari minti 10 kawai, za ka ji Hausa kala-kala, da Turancin buroka, da ciniki cikin harshe biyu a jimla ɗaya. Ga marubucin wasa, wannan taska ce.

Amma a nan haɗarin yake. Abu mafi sauƙi shi ne a fito da wani yana karya Hausa, yana kiran mace "shi", a yi ta dariya. Ku tuna a ajinku akwai wanda haka mahaifiyarsa take magana. Zai yi murmushi tare da ku, ya koma gida da abin a ransa. Unguwannin nan biyu sun ga rikici a watan Mayun 1953, an yi asarar rayuka, don haka zaman lafiyar da kuka tarar ba abin wasa da shi ba ne.

Barkwancin gargajiya yana da ƙa'ida. Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, jika da kaka, duk tsokanar juna suke, kowa yana da damar ramawa. Idan ɓangare ɗaya ne kullum yake shan ba'a, ta tashi daga wasa ta koma cin fuska. In za ku saka baƙo a wasanku, ku ba shi wayo. Bari mai kayan gyaran mota na Sabon Gari, da Hausarsa mai gargada, ya zama shi ne zai kama Alhajin da ke kauce wa bashi da irin dabararsa.

Ga masu shirya wasa

Ku ajiye kalmar dariya a ƙarshen jimla, domin in ta zo a tsakiya dariya za ta haɗiye sauran maganar. Kada ɗan wasa ya yi dariya da kansa, Ɗanlami ya yarda da gaske cewa ya yi abin kirki. In masu kallo suna dariya, ku dakata ta lafa kafin ku ci gaba. Kada ku bayyana abin dariya bayan kun faɗe shi. Ku nufi hali da zolayarku, kamar ƙarya, rowa, satar amsa da saɓa alkawari, ku bar halitta da nakasa da addinin mutane.

A wannan mako, kowa ya buɗe shafi a bayan littafinsa, ya rubuta kalmomi biyar masu ma'ana biyu da ya ji a gida ko a hanyar makaranta. Ku zaɓi ɗaya, ku gina mata wasan minti uku, ku gwada a gaban 'yan ajinku kafin ranar taro.