Ribar Farantan Sola a Kan Rufin Gida: Abin da Ya Faru a Jamus

A ranar 1 ga Afrilu, 2000, wata doka ta fara aiki a ƙasar Jamus, wadda ta hukunta cewa duk mai gidan da ya shimfiɗa farantan sola a kan rufinsa, wajibi ne kamfanin lantarki na yankinsa ya karɓi wutar da ya samar, ya kuma biya shi farashi guda tsayayye har shekara 20, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Hermann Scheer da Hans-Josef Fell su ne suka fi tsaya wa dokar a majalisa, kuma manufarta a fili take, domin mutum ba ya zuba dukiyarsa a abin da bai san makomarsa ba, amma idan hukuma ta lamunce masa farashi, sai hankalinsa ya kwanta, haka ma na bankin da zai ranta masa kuɗi.

Farashin farko ya kai kimanin santi 50 na Yuro a kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, alhali mai gida yana sayen yunit ɗin daga kamfani a ƙasa da rabin wannan. Duk da haka ribar mutanen farko ba ta taka kara ta karya ba, saboda tsadar faranti a wancan zamani. Waɗanda suka fi cin moriya su ne masu shiga tsakanin 2009 da 2012, lokacin da masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa, farashin faranti ya riƙa faɗuwa fiye da saurin da hukuma take rage farashin da take lamunce wa sababbin masu shiga, har ya zama rufin manomi a jihar Bavariya ya fi ajiyar banki amfani.

To, amma daga aljihun wa wannan riba ta fito? A nan ne mas'alar adalci ta taso, gama a wancan lokaci ba daga baitulmali ake biya ba, wani ƙari ne aka ɗora a kan takardar kuɗin wutar kowa, wanda ya kai santi 6.88 a kan yunit a 2017, alhali an sassauta wa manyan masana'antu. Ke nan ɗan haya, wanda ba shi da rufin kansa, shi ne yake tallafa wa mai gida, kuma a ganina wannan aibi ne babba, wanda ba a gyara shi ba sai a Yulin 2022, da aka soke ƙarin aka mayar da nauyin kan hukuma.

A yau lissafin ya juya, domin sabon mai faranti yana sayar da yunit a kan kimanin santi 8, ya saye shi a kan fiye da santi 30, saboda haka fa'idarsa tana cikin wutar da ya sha da kansa. Shi ya sa uwargida take jinkirta kunna injin wanki har rana ta take tsaka, maigida kuma ya sayi batir don ajiye rarar azahar zuwa bayan magariba.

Mu ma alherin wannan doka ya iso mu, tun da buƙatar Jamusawa tana cikin abin da ya sa faranti ya yi arahar da muke gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sai dai sayar wa kamfani wuta yana da sharaɗi, shi ne layin ya kasance da wuta a koyaushe, domin inbata mai haɗe da layi takan kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, don kare rayukan masu gyara. Saboda haka mai gida a Kano ko Zariya ya auna kuɗin faranti da na batir, wanda ba makawa zai sake shi bayan 'yan shekaru, da kuɗin man da janaretansa yake sha tun da aka janye tallafin fetur a 2023, sa'an nan ya yanke shawara.