NA'URAR DA TA YI SHAIDAR ZUR: YADDA SHUGABANNIN GIDAN WAYAR BIRITANIYA SUKA CI AMANA

A 'yan shekarun nan bankuna da manyan kamfanoni sai rige-rige suke yi wajen danƙa harkokin kuɗin jama'a ga na'urori masu ƙwaƙwalwa, musamman sabon salon nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Na'ura ce ke duba wanda ya cancanci rance, ita ce kuma ke nuna wanda ake tuhuma da zamba. Saboda haka ya kyautu masu karatu su san abin da ya auku a ƙasar Biritaniya, inda manyan wata ma'aikata suka gaskata kwamfuta suka ƙaryata mutanensu har na kusan shekara 20.

MAFARIN AL'AMARIN

A Biritaniya akasarin ƙananan gidajen waya na ƙauyuka da unguwanni suna hannun wakilai ne, watau 'yan kasuwa masu kantuna waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da Hukumar Gidan Waya, wadda mallakar gwamnati ce. Suna sayar da kan sarki, suna biyan tsofaffi kuɗin fansho, suna karɓar ajiya. Yarjejeniyar kuwa ta ɗora wa wakili biyan giɓin da aka samu a lissafin reshensa.

Cikin shekarar 1999 aka fara kafa musu wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna Horizon, wanda kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na ƙasar Japan, ya ƙera. Ba a daɗe ba sai wakilai suka fara ganin abin al'ajabi. Mutum zai rufe lissafinsa, na'ura ta ce akwai giɓin fam dubu kaza, alhali kuwa bai taɓa ko kwabo ba. In ya buga waya ya kai kuka, sau da yawa sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Wasu suka riƙa cike giɓin daga aljihunsu, wasu suka ci bashi, wasu suka jinginar da gidajensu, har ƙarfinsu ya ƙare.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Hukumar ita ce mai kuɗin, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai gabatar da ƙara a kotu. Bugu da ƙari, a 1999 aka soke wani sashe na doka wanda ya wajabta wa mai ƙara ya nuna cewa kwamfutar da ya kafa hujja da ita tana aiki daidai. Daga nan kotuna suka koma ɗaukar lissafin na'ura a matsayin gaskiya, sai fa in wanda ake ƙara ya kawo hujjar akasin haka. To, ina mai kanti a ƙauye zai samo wannan hujja, alhali duk bayanan suna hannun wanda ya kai shi ƙara?

Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa laifin sata ko zamba ko murɗe lissafi. A cikinsu akwai Seema Misra, wadda aka yanke wa ɗaurin wata 15 a 2010 saboda giɓin kimanin fam 74,000, tana kuwa da juna biyu. Wani wakilin, Lee Castleton, ya ƙi yarda da giɓin kimanin fam 25,000, aka kai shi kotu, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya tsiyace.

INDA SHUGABANNI SUKA KASA

Kowace na'ura tana iya kuskure, wannan ba baƙon abu ba ne. Abin takaici shi ne halin da manya suka nuna sa'ad da alamu suka bayyana. A 2009 mujallar Computer Weekly ta buga koke-koken wasu wakilai. Cikin wannan shekara kuma Alan Bates, wanda aka ƙwace wa reshensa a yankin Wales tun 2003 don ya ƙi amincewa da lissafin na'urar, ya tara 'yan'uwansa a ƙauyen Fenny Compton suka kafa ƙungiya. A nan ne kowa ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne.

A 2012 Hukumar ta ɗauko kamfanin binciken kuɗi mai suna Second Sight. Da masu binciken suka fara tono kurakurai, sai aka sallame su a 2015. Har wa yau Hukumar ta daɗe tana musun cewa akwai mai iya shiga lissafin reshe daga nesa, alhali kuwa ma'aikatan Fujitsu suna iya yin haka ba da sanin wakili ba. Duk wannan don a tsare sunan Hukuma da kasuwancinta. Paula Vennells, wadda ta shugabance ta daga 2012 zuwa 2019, har lambar girma aka ba ta a shekarar da ta sauka.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wakilai 555 suka haɗu suka kai ƙara Babbar Kotu, a watan Disamba na 2019 kuma Mai Shari'a Fraser ya tabbatar da cewa Horizon tana da kurakurai masu iya haddasa giɓin ƙarya. Aka yi sulhu a kan kimanin fam miliyan 58, amma kuɗin lauyoyi da na waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar ya cinye mafi yawansu. A watan Afrilu na 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39, har da Seema Misra. Sai a watan Janairu na 2024, bayan gidan talabijin na ITV ya nuna wasan kwaikwayo a kan lamarin, hankalin ƙasar ya tashi gaba ɗaya. Vennells ta mayar da lambarta, Majalisar Dokoki kuma ta zartar da doka a watan Mayu ta soke akasarin sauran hukunce-hukuncen. Rahoton farko na kwamitin bincike na Sir Wyn Williams, wanda ya fito a watan Yuli na 2025, ya ce mai yiwuwa ne mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i.

ABIN LURA GA ZAMANIN YAU

Horizon dai tsarin lissafi ne na yau da kullum, wanda masana suka iya buɗewa suka nuna wa alƙali inda ya karkace. Ƙirƙirarriyar basira kuwa daga tarin bayanai take koyon aikinta, sau da yawa ko waɗanda suka ƙera ta ba sa iya fayyace dalilin da ya sa ta hana wane rance ko ta tuhumi wance. Ke nan haɗarin ya fi na da. An riga an ga irinsa a ƙasar Holan, inda ma'aikatar haraji, da taimakon na'urar tantancewa, ta tuhumi dubban iyaye da zamba a kuɗin tallafin reno, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairu na 2021. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta sa na'urorin auna cancantar rance cikin jerin masu babban haɗari, waɗanda tilas mutum ya sa musu ido.

Mu ma a nan gida batun ya shafe mu, domin dubban masu sana'ar POS suna tsaye ne a irin matsayin waɗancan wakilai: kuɗi na bi ta hannunsu, amma littafin lissafi yana wurin kamfani. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, sai dai doka ba ta aiki sai jama'a sun san da ita.

Saboda haka wajibi ne ga shugaban kowane banki ko kamfani ya saurari ƙananan ma'aikata in kukansu ya zo iri ɗaya daga wurare dabam-dabam, ya bar masu bincike na waje su gama aikinsu ko da abin da za su tono ba zai yi masa daɗi ba, ya kuma raba mai bincike da mai kuɗin. Na'ura ba ta rantsuwa, ba a kuma ɗaure ta. Wanda ya sa hannu aka saye ta, ya kuma kafa hujja da ita a kan mutane, shi ne mai amsa tambaya ranar da ta yi kuskure. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.