Kujerar Ba-Haya Don Tsofaffinmu

Uwargida, kin lura surukarki ta rage shan ruwa da yamma? Wataƙila tsugunawa a masai ke ba ta wuya, kunya ta hana ta faɗa. A nan Kangire wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta faɗi a bakin masai cikin dare, sai da muka kai ta asibiti Birnin Kudu.

Maganin ba tsada. Ki sa kafinta ya huda kujerar katako mai hannuwa, tsayinta kamar inci 18. Da rana a ɗora ta bisa masai, in daɓen da ƙarfi. Da dare a kai ta ɗaka, a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashi, da 'yar toka. 'Yan mata, in kun zubar ku wanke hannu da sabulu.

Ki yi mata tayin a keɓe, kada a gaban jikoki.