Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi: Yadda Jiki Ke Yaƙar Tsutsar Ciki

Da damina a gonakin Gwiwa da Babura, ko da rani a fadamun Kazaure da Roni, yaro kan bi mahaifinsa gona babu takalmi. Idan an taɓa yin bayan gida a wurin, 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya na iya huda fatar ƙafarsa, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su, su sauka cikin hanji. Ita kuwa doguwar tsutsar nan mai kama da tana, ƙwanta ake haɗiyewa daga hannu mai datti ko ganyen da ba a wanke ba. Macenta kan kai tsawon santimita 35, tana kuma zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana.

Fararen ƙwayoyin jini kan haɗiye ƙananan ƙwayoyin cuta, amma tsutsa ta fi ƙarfin haɗiya. Saboda haka taron dangi ake yi mata.

Da farko wasu ƙwayoyi masu tsinin gashi a bangon hanji, waɗanda sai a 2016 aka tabbatar da aikinsu, su ke jin shigowarta, su yi gangami. Saƙon kan isa ga ƙwayoyin T masu taimako, su kuma su umarci ƙwayoyin B su ƙera makamin da ake kira antibodi, musamman nau'in IgE, wanda Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano a 1966. Antibodi kan manne a jikin 'ya'yan tsutsa tamkar shaida, sai ƙwayoyin iyosinofil su yi musu ca, su zuba musu dafi. Haka kuma IgE kan zauna a kan ƙwayoyin mast, waɗanda da sun ji tsutsa sai su saki sinadarin histamin. Daga nan ruwa ya kwararo cikin hanji, majina ta yawaita, tsokar hanji ta riƙa matsawa da ƙarfi, har tsutsa ta rasa madafa a fitar da ita.

Sai dai tsutsa ma da wayonta. Takan fitar da sinadaran da ke lallashin garkuwar jiki, shi ya sa doguwar kan shekara ɗaya ko biyu a ciki, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Mai ƙugiya kuwa jini take tsotsa, har ɗalibi ya ɗashe, ya kasa mayar da hankali a aji.

Tun da har yanzu babu allurar rigakafinta, jiki na bukatar agaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƙwayar albendazol mai miligiram 400 sau ɗaya ko biyu a shekara a inda cutar ta yawaita. Sauran aikin na takalmi ne, da masai, da sabulu.